Muryar Auta a Kwamfutar Shago

Kwamfutar shagonmu ta daina tashi ne wata rana bayan azahar, tana tsakiyar buga wa wata mata takardun haihuwar 'ya'yanta. Allon ya koma shuɗi, ta kashe kanta, ta sake tashi, ta kai daidai tambarin Windows ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi har aka ɗauke wuta. Matar ta karɓi kilenta, wato ɗan fulashin da takardun ke ciki, ta ƙulle shi a bakin zane. Ta ce motarsu gobe za ta tashi, Allah ya sa masu shingen hanya su yarda da maganar baki.

Farkon shekarar 2014 ke nan. Shagon na Baba ne, a titin Koudoukou da ke Bangui. Littattafan makaranta da biro yake sayarwa, ga injin kwafi a kusurwa, ga kwamfutar tebur guda ɗaya wadda ni nake kula da ita tun ina sakandare. A lokacin ina shekarar farko a jami'a, a suna dai, domin jami'ar tana can cikin gari, mu kuwa Musulmin unguwar Kilomita Biyar, tun da rikici ya ɓarke, ba wanda zai ƙetare iyakar unguwa ya tabbata zai dawo. Gidanmu na unguwar Yakité an ƙone shi. Mahaifiyata ta tafi da ƙannena a motocin farko da suka nufi Kamaru. Mu da muka rage, ni da Baba da Kaka da yayata da ɗanta, muna zaune a ɗakuna biyu na wani ɗan'uwan Baba kusa da masallacin Juma'a.

Ban yi mamakin abin da ya sami kwamfutar ba. Duk wanda zai bar gari sai ya biyo ta shagonmu a buga masa takarda ko a kwafe masa hotuna, kuma kowane kile da aka soka mata da irin cutar da yake ɗauke da ita. Ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama. Da aikin shago ne kaɗai, da na ce a rufe ta da tsumma sai an sami lafiya. Amma akwai bidiyon suna a cikinta.

Baffana, ƙanen Baba, shi ne autan Kaka. Kayan gyaran babur yake sayarwa. A watan Disamba ya fita da safe zai karɓo kaya wurin wani abokin cinikinsa a hayin gada, can wajen unguwa, bai dawo ba, ba a kuma kawo mana gawa ba. Hotunansa muna da su, amma muryarsa wuri ɗaya ta rage a duniya: bidiyon da aka ɗauka ranar sunan ɗan yayata a tsakar gidan Yakité. Mai kyamara ya ba mu faifai, na kwafe shi a kwamfutar shago saboda ni mutum ne mai son ajiye abu gida biyu. Faifan ya ƙone tare da talabijin da sauran kayan gida.

Tun daga nan, duk ranar da aka kawo wuta da rana, yayata takan riƙo hannun Kaka ta kawo ta shago. In ajiye mata kujerar roba a gaban allo, in ja labulen da ya raba mu da masu ciniki, in tura bidiyon zuwa wurin da Baffa yake fitowa da tiren nama a kai yana tsokanarta. Ba ta kuka. Amsa masa take yi, kamar yana tsaye a bayan labulen.

Washegarin mutuwar kwamfutar ta zo kamar kullum, ta zauna, ta dubi baƙin allo.

"Maigida," haka take kirana, irin wasan kaka da jika, "yau kishi ya tashi ne? Ka hana ni ganin yarona?"

"Ba ta da lafiya ne, Kaka. Zan gyara."

"To gyara. Miji da ba ya iya gyaran komai a gida, sakinsa ake yi."

A unguwarmu ba a sauko da manhaja daga intanet, daga hannun mutum ake karɓarta. Akwai wani dogon mutum mai gyaran kwamfuta da ke yawo da jakar faifai a rataye. Shi ya sa wa kowa Windows a titin nan, daga masu canjin kuɗi har masu ɗaukar hoto, kuma duk daga faifai ɗaya. Ba wanda ya taɓa tunanin ya ajiye kwafi, tunda in ta lalace kiransa za a yi. Na je neman sa, na tarar ƙofarsa a buɗe, ɗakin ba komai sai tabarma. Ya bi ayarin Chadi da jakarsa.

Maƙwabcin shagonmu mai gyaran waya ne, ya girme ni da kaɗan, bakinsa ba ya hutawa, rabin maganarsa Sango rabi Hausa. Tasa kwamfutar ta hannu ya riga ya tura ta Kamaru tare da matarsa, abin da ya rage masa kile ɗaya cike da manhajoji. Shi na fara gaya wa cewa ina da wani faifai. Wani malaminmu a jami'a ya raba mana shi a aji kafin rikici, na Linux, irin wanda ake kira Ubuntu. Na sa shi cikin wani littafi na manta da shi, littafin kuma ya tsira ne don a shago na bar shi.

"Farfesa," ya ce, "abin nan na mutanen da ba su da aikin yi ne. Ka taɓa ganin ɗan kasuwa da shi? Windows ko ta yi ciwo ka san ciwonta. Wannan in ya kwanta, wa za ka kira?"

"Yanzu ma wa zan kira?"

Ya koma kan wayar da yake gyarawa.

Baba tambayarsa daban ce. Ya juya faifan a hannu ya ce nawa ake sayar da shi. Na ce kyauta ne. Ya ce wa ya yi shi. Na ce mutane da yawa a ƙasashe daban-daban. Ya ce to su ci me? Na ce ai wanda muke amfani da shi a da ma kwafin sata ne, wannan kuwa halal ne. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ni na sallami mai jaka. In akwai sata, tsakaninsa da su." Sannan ya rage murya. "Abin tsohuwa ba zai ɓace ba?"

"Ba zai ɓace ba."

A kan wannan ban yi ƙarya ba. Abin da na fi yaba wa faifan har yau shi ne yana barin mutum ya gwada shi ba tare da ya taɓa komai ba. Kwamfutar ta tashi daga faifan kai tsaye, na ga duk kayanmu suna nan. Mai jaka, Allah ya saka masa, ya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu tun farko, Windows a ɗaya, kayanmu a ɗaya. Na kwafe bidiyon a kilen da na aro, na cire shi na sa a aljihu, sannan na shafe ɓangaren Windows kaɗai. Kafin in danna maɓallin ƙarshe na karanta allon har sai da maƙwabci ya ce ko haddace shi zan yi. Duk wanda zai sauya, abin da zan ce masa ke nan: ya fitar da abin da ba zai iya rasawa ba, ya sa a aljihu, sannan ya taɓa wani abu.

Kwanakin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar kwamfutar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. Injin buga takarda ya kama aiki ba tare da na roƙe shi ba. Cututtukan da ke cikin kilen mutane suka zama 'yan fayiloli marasa ƙarfi da nake gani da idona in goge. A jerin harsunan allon rubutu na ci karo da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, ni da na fi sakewa da Sango da Faransanci, ban taɓa ganin harshen gidanmu a cikin na'ura ba. Baba ya yi ta neman inda ake dannawa a ƙasa don buɗe abubuwa bai samu ba, takardun da aka rubuta a Windows kuma wani lokaci layinsu ya zame, sai na gyara da hannu. Maƙwabci ya leƙo ya ga maɓallin rufe shafi yana hagu.

"Ka gani? Mutanen da ke cin tuwo da hagu ne suka yi shi."

Ranar da aka kawo wuta na aika a kira Kaka. Ta zauna, na ja labule, na danna bidiyon. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Faransanci: ana buƙatar ƙarin wani abu kafin a iya kunna irin wannan fayil, a nemo shi a intanet? Na rufe na sake dannawa. Akwatin ya dawo.

"Me ya ce?"

"Ya ce saura ƙiris."

"Kai da shi bakinku ɗaya."

Na buɗe mata hotuna, su sun buɗe lafiya. Ta duba biyu ko uku don kada in ji kunya, ta ce a mayar da ita gida.

Maƙwabci ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ya ciro kilensa. Akwai wata manhajar kallon bidiyo mai tambarin mazubi ruwan lemo, wadda ba abin da ba ta buɗewa, kowa a Bangui ya san ta. Muka soka, muka danna, kwamfutar ta buɗe ta kamar ƙunshin kaya ta nuna mana tarkacen cikinta, ba ta kunna komai ba. Ya ce tasa ce ta tsufa. Na fita na bi shagunan da suka rage a buɗe, ni da ko gaisuwa nauyi take min, ina tambayar ko akwai mai manhajar bidiyo. Kowa yana da ita, kowa ya ba ni da murna, kuma duk iri ɗaya ce, ta Windows, zuriyar jakar dogon mutumin nan. A hankali na gane abin da malaminmu bai faɗa ba, ko ya faɗa ban ji ba. Windows ɗinmu tana rayuwa ne daga hannu zuwa hannu. Linux kuwa an yi ta ne don wanda yake da intanet, duk abin da ta rasa can take zuwa ta ɗauko. Mu kuma siber ɗin unguwa, wato shagunan intanet, duk sun rufe, waɗanda ke aiki suna hayin gada.

Na gwada na'urar kallon faifai ta gidan da muke zaune, mai ramin kile a gaba. Ta ce ba ta san irin fayil ɗin ba.

Kwamfuta ɗaya mai Windows muka samu tana aiki, a ofishin wani Alhaji mai sayar da shinkafa da sukari a sari. Ya yarda mu zo. Na ɗauki lasifikokin shago, aka ɗora Kaka a babur, yayata ta riƙe ta ta baya. Bidiyon ya buɗe nan take. Amma ofishin ba labule, 'yan dako suna shiga suna fita da buhuna, wasu suka tsaya kallo, ɗaya ya ce ai ya san wannan, ba shi ne mai kayan babur ba, Allah ya ji ƙansa. Kaka ba ta taɓa yarda a yi wa Baffa wannan addu'ar a gabanta ba. Ta zauna a miƙe, ta ja mayafi, ba ta amsa wa Baffa ko kalma ɗaya ba. Da muka fito ta ce, "Wannan ba wurin hira da ɗa ba ne."

Maƙwabci ya biyo mu ne da tasa dabarar. Yayin da muke kallo yana jira, muna gamawa ya soka kile ya jawo babban fayil ɗin nan mai suna Windows gaba ɗaya, wai mu kai gida mu zuba. Na ce masa ba haka ake yi ba, sai da faifan sakawa. Ya ce shinkafa in ka ɗebo daga buhun wani ka zuba a naka ba ta zama gero. Muka kai, muka zuba, ta zauna a wurin kamar sauran fayiloli. Ya daɗe yana kallon allon.

"To ai ga ta nan," ya ce. "Me ya hana ta tashi?"

Kafin in shawo kan Kaka mu koma a lokacin da ba kowa, Alhaji ya loda kayansa a babbar mota, har da kwamfutar, ya tafi.

Saura intanet. Maƙwabci ya samo min kilen intanet na kamfanin waya a wurin wani da zai tafi. Shi ma abin da ke kunna shi na Windows ne. Na yi kwanaki ina lalube a cikin saituna, duk lokacin da aka kawo wuta, har wata rana alamar haɗi ta kama. Na danna bidiyon, akwatin ya fito, na ce masa e, ya nemo. Ya yi ta juyawa. Sannan ya ce bai sami adireshin ba. Na sake, haɗin ya yanke. Na sake washegari, da jibi. Duk lokacin da haɗin ya daure, amsar ɗaya ce: ba a sami wurin ba. Faifan malaminmu tsohon fitowa ne, masu shi sun kwashe kayan irinsa sun mayar wani wuri, kwamfutar kuma tsohon adireshin kaɗai ta sani. Wannan daga baya na fahimta. A lokacin na ɗauka haɗin ne ba shi da ƙarfi.

Kaka ta rage zuwa. In ta zo takan zauna a kujerarta bayan labule ko da ba wuta, ta saurari titi. Wata rana ta ce, "Maigida, da ya ɗauko tiren nan, dariya ya fara yi ko magana?"

"Magana."

"Ni ma haka na ce. Amma jiya na kwanta ina nema, sai muryar babanka nake ji a bakinsa." Ta gyara zama. "Kada ka gaya wa babanka."

Ban gaya masa ba. Shi ma bai ƙara tambayata labarin bidiyon ba, sai dai in ya ga ina fama da kilen intanet ya fita ya tsaya a ƙofa.

Da aka sake yin harbe-harbe kusa da mu, har harsashi ya huda rufin ɗakin da ɗan yayata ke kwana, Baba ya yanke cewa Kaka da yayata za su bi ayari na gaba. Kaka ta ce ba inda za ta, in Auta ya dawo wa zai tarar. Baba ya durƙusa a gabanta ya ce shi zai tarar, shi ba zai gusa ba. Ranar tafiya na ba ta kilen da bidiyon ke ciki. Na ce can akwai kwamfutoci, kowace iri za ta buɗe shi, ta ba duk wani yaro mai ilimi.

Ta juya shi a tafin hannu. "Yana ciki?"

"Yana ciki."

"Kai dai ka cika alkawarin baki. Na sake ka, saki ɗaya. In ka gyara ka zo biko."

Ta ƙulle shi a bakin zane. Aka ɗaga ta aka ɗora a bayan mota a kan katifu, tsakanin mata da buhuna. Maƙwabci ma a wannan ayarin ya tafi. Ya miƙo min kilensa ta saman motar ya ce in riƙe, wataƙila wata rana in dawo hanya.

Kaka ta rasu a garin kan iyaka kafin damina ta ƙare. Yayata ta gaya min a waya cewa sun sami kilen a ƙulle a zaninta lokacin wanka. Ta ce sau biyu ta nemi ta karɓa ta kai wani shago a kasuwa, Kaka ta hana, wai ba za a buɗe mata ɗa a gaban mutane ba, maigidanta zai zo da tasa na'urar.

An daɗe kafin unguwa ta ɗan lafa. Bayan zuwan babban baƙon nan, shugaban cocin Katolika na duniya, masallacin Juma'a, wasu shaguna suka buɗe, har da siber ɗaya. Na je na rubuta saƙon da kwamfutar ke ba ni, harafi da harafi. Amsar tana shafin farko. Kalma ɗaya za a canza a adireshin. Na dawo shago, na canza, na soka kilen intanet. Kafin Baba ya gama sallamar wani mai sayen biro, abin ya sauka.

Har yanzu Linux nake amfani da ita, kuma in aka tambaye ni ina cewa tana da kyau, in dai mutum yana da intanet, ko yana da wanda zai tambaya. Ban cika ƙara komai a kai ba.

Ranar da abin ya sauka, da la'asar na ja labule na danna bidiyon. Tsakar gidan Yakité ta fito, da rumfa, da mata, da bishiyar mangwaron da yanzu babu. Na tura zuwa wurin. Baffa ya fito da tire a kai, Kaka ta miƙa hannu za ta ɗauki tsoka, ya goce.

"Inna, da wane haƙorin? Bari in nemo miki hanta."

Sannan ya yi dariya. Magana ya fara yi, ashe daidai na faɗa wa Kaka.

Baba ya ɗaga labulen, ya tsaya bai shigo ba. Kujerar roba tana nan inda take. Ya saurara har Baffa ya fita daga hoton, sannan ya ce in kashe, akwai mai jiran kwafi.